Na San Lungunan Tokiyo Kafin In Taka Ƙasar Japan

Sauya jirgi a tashar Shibuya shi ne abin da ya fara ba ni wahala a wasan Persona 5. An saka ni a rigar wani yaro ɗan sakandare, baƙo a birnin Tokiyo, ranar farko da zai je makaranta, aka ce in nemo layin Ginza in hau zuwa Aoyama-Itchome. Layin Ginza jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, duk wanda ya ji haka kuwa ƙasa zai nufa. To, a Shibuya sai ka hau bene har hawa na uku kafin ka same shi. Wanda bai san garin ba zai ce tsokana ce irin ta masu ƙirƙirar gem. Daga baya, da wani aiki ya kai ni Tokiyo, na tsaya a bakin titi na ɗaga kai, sai ga jirgin nan ruwan ɗorawa yana shigewa cikin gini a saman kawunan mutane. Dalili kuwa Shibuya kwari ce. Layin dogon yana tahowa ta ƙarƙashin tudu, idan ya iso kwarin sai ya tsinci kansa a sama. Wannan layi, da aka buɗe sashensa na farko a 1927 tsakanin Asakusa da Ueno, shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a nahiyar Asiya.

Mu a nan, sanin da muka yi wa gem ɗin Japan na ƙwallo ne. Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Kano ko Kaduna ko Damagaram ya san PES na kamfanin Konami, ana buga shi a PlayStation ɗin Sony, dukansu 'yan Japan. Minti goma an tashi, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa. A can Japan kuwa akwai wani nau'in wasa da suke ji da shi tun fitowar Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Dogon labari ne, kana cikin rigar jarumi, kana tara abokan tafiya, ƙarfinka yana ƙaruwa sannu a hankali, faɗa kuma karɓa-karɓa ne, ka yi naka bugun ka jira abokin gaba ya yi nasa. Persona 5 ɗan wannan gida ne. Kamfanin Atlus ya fitar da shi a Japan a Satumban 2016, ya isa sauran duniya a Afrilun 2017, Katsura Hashino ne ya jagoranci aikin. Yana cin kusan awa ɗari kafin a ga ƙarshensa, karatu kuma ya fi danne-danne yawa a ciki. Yawancin 'yan'uwansa duniyar takubba da sarakuna suke kai mutum, shi kuwa Tokiyo ta yau ya ajiye ka, da sunayen unguwanninta da tashoshinta. Hashino ya taɓa bayyana cewa labarin yawon duniya suka fara tsarawa, girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris ɗin 2011 ce ta sa suka juyo suka dubi ƙasarsu.

Yaron da kake riƙe da shi ya ga wani babban mutum a buge yana jan wata mata da ƙarfi, ya shiga tsakani, mutumin ya faɗi ya ji ciwo. Da yake ɗan siyasa ne mai hanya, sai aka juya magana, aka tilasta wa matar ta ba da shaidar zur, kotu ta kama yaron da laifin duka, makarantarsu ta kore shi. Aka turo shi Tokiyo ya yi shekara guda ana sa masa ido, wani mai shagon kofi, Sojiro, ya ba shi ɗakin tarkace a saman shagon. Labarinsa ya riga shi isa aji. Raɗe-raɗin 'yan makaranta yana bayyana a gefen allo, kana tafiya a baranda kana karanta abin da ake faɗi a kanka. Ban taɓa buga gem ɗin da ya ɗora mini nauyin zama bare kamar wannan ba.

Kalandar wasan ce ta fi kama ni. Yana tafiya rana bayan rana, daga Afrilu, watan da makarantun Japan suke buɗe sabuwar shekara, har ƙarshen shekarar. A kowace rana abu biyu kacal kake da damar yi, ɗaya bayan an tashi daga makaranta, ɗaya da dare. Ka zauna karatu a laburare, ka rasa hira da aboki. Ka tafi ƙwadago shagon furanni ko gidan shinkafa da nama don ka samu 'yan kuɗi, motsa jiki ya wuce ka. Ranar da ta faɗi ba ta dawowa. Malami zai jefo maka tambaya a aji, ta gaske, a kan tarihi ko lissafi, ta sake ɓullowa a jarrabawa, a kafe sakamako a bango kowa ya gani. Ranar ruwan sama karatu ya fi zama a kai. Ko littafi ba ka iya buɗewa a jirgi sai ranar da ka taki sa'ar samun kujera. Ga kuma wata mage mai magana, Morgana, da take zaune a jakarka, wadda idan ta ga dama sai ta hana ka fita ta ce ka je ka kwanta, ko kana so ko ba ka so. Masu wasan a duniya sun daɗe suna yi mata tsiya a kan wannan. Ni sai da na ga garin na daina ganin laifinta. Ƙuntatawar nan tana ɗanɗana maka tsadar lokaci a wurin mutanen da idan jirginsu ya makara da 'yan mintuna, ma'aikacin tasha yake raba takardar shaida, ɗalibi ya kai wa malami, ma'aikaci ya kai wa maigidansa, don a san laifin ba nasa ba ne.

Unguwar da yaron yake kwana sunanta Yongen-Jaya a gem, kuma kowa ya san Sangenjaya ce ta gundumar Setagaya aka ɗan taɓa wa suna. Tasha biyu ce daga Shibuya a layin Den-en-toshi. Na je da yamma a daminarsu ta watan Yuni, kusan kowa riƙe da lemar leda wadda ake hango sama ta cikinta. Daga babban titi, inda wata gadar motoci ta bi ta sama ta tare haske, sai ka karya kwana ka faɗa wasu lunguna masu ƙunci irin na cikin birnin Kano, mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace. Ƙananan shaguna ne a jere, wani bai fi cin mutum shida ba, da gajeren labule a ƙofa, da jajayen fitilun takarda, wayoyin lantarki a harɗe a sama, kekuna a jingine, tukwanen furanni a bakin kowane gida. Ga ɗakin wanki na jefa sulalla. Ga injin sayar da lemo yana haske shi kaɗai a ƙarshen lungu, ba mai gadinsa, ba wanda ya taɓa shi. Na riƙa jin kamar na taɓa kwana a unguwar. A bayan rufin shagunan kuma wani dogon bene mai launin karas, Carrot Tower, hawa 26, yana leƙen lungunan daga sama.

A gem akwai gidan wanka na unguwa daura da shagon kofin, ka biya ka shiga ruwan zafi, farin jininka ya ƙaru. Irin waɗannan gidaje suna nan a Tokiyo, gwamnatin birnin ce take ƙayyade kuɗin shiga, ya kai yen 550 a Agustan 2024. Na isa ƙofar ɗaya, na ga akwatunan ajiye takalma da makullansu na katako. Aka yi mini bayani cewa ɓangaren maza daban, na mata daban, amma a ciki kowa tuɓewa yake yi zindir, tsoho da yaro, ba mai kallon wani. Na yi godiya na juya. Wannan farin jinin na bar wa yaron gem.

Ita kuwa Shibuya ta riga ta tsere wa wasan. Mararrabar nan tana nan, inda ake tsayar da motoci ta kowane ɓangare lokaci guda, jama'a su kwararo daga ko'ina su ratsa juna, ba karo, ba tsaki. Mutum-mutumin Hachiko yana nan, karen da ya ci gaba da zuwa tasha jiran ubangidansa bayan mutumin ya rasu a 1925, har shi ma ya mutu a 1935, baƙi suna layi don ɗaukar hoto da shi. Amma tsohon koren taragon da yake ajiye a dandalin, wanda na saba wucewa ta gefensa a gem, an ɗauke shi a 2020 an kai Odate, garin da aka haifi karen. Wurin tsayawar jirgin Ginza ma an matsar da shi a Janairun 2020, ga wani sabon bene mai tsawon kusan mita 230, da aka buɗe a 2019, ya tsaya a kan tashar. Gem ɗin 2016 ya koma kundin tarihi cikin 'yan shekaru, kuma har yanzu magina ba su kwashe kayansu ba.

Shirun jirgin safe ne abin da allo ba zai iya shirya ka a kansa ba. A layin Den-en-toshi ana cunkushewa har fuskarka ta kusa taɓa kafaɗar wani, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe da sanarwa. Ba mai amsa waya. Mai jakar goyo ya juyo da ita ƙirjinsa kada ta tokari wani. Abin burgewa ne, ya kuma cancanci yabo, kamar yadda za ka yi doguwar tafiya a garin ba ka ga kwandon shara ba, ba ka kuma ga shara ba, kowa yana tafe da tasa a jaka. Sai kuma ka ga tarago na mata zalla a lokacin cunkoso, ka ji dalilinsa, wato masu laluben mata a cikin matsi, ladabin ya fara yi maka wani iri. Persona 5 daga farkonsa har ƙarshensa tambaya ce a kan wannan shirun. Mutanen da aka rena a kan kada su dami kowa, wa zai buɗe baki a cikinsu ranar da aka ga zalunci?

Ga yadda wasan ya shirya tasa amsar. Duk wanda son zuciya ya murɗe wa tunani yana da fada a wata ɓoyayyiyar duniya, inda wurin da yake mulka yake bayyana yadda shi yake ganinsa. Yaron da abokansa, masu kiran kansu ɓarayin zukata, suna kutsawa cikin fadar, su aika wa mai ita takardar gargaɗi, su sace abin da zuciyarsa ta rataya a kai, bayan 'yan kwanaki ya fito bainar jama'a ya tona wa kansa asiri. Na farko malamin wasanni ne, Kamoshida, tsohon gwarzon ƙwallon raga mai lambar Olamfik, wanda a idonsa makarantar gidan sarautarsa ce, ɗalibai maza bayi, mata ƙwaraƙwarai. Yana dukan 'yan wasa har su kumbura, ya karya ƙafar wani, ya keta haddin wata yarinya har ta faɗo daga saman bene. Shugaban makaranta ya sani, malamai sun sani, iyaye ma sun sani, amma kofuna suna shigowa, sunan makaranta yana tashi. Na buga wannan sashe raina a ɓace, kuma masu sunkuyar da kan nan sun fi Kamoshida ba ni haushi. Labarin yana da tushe a ƙasa. A Disamban 2012 wani ɗalibi a Osaka, kyaftin ɗin ƙwallon kwando na makarantarsu, ya kashe kansa bayan dukan da kocinsa ya riƙa yi masa, abin ya girgiza ƙasar. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto sukutum a kan dukan yara 'yan wasa a Japan.

Kowace fada da gyambon da take famawa. Akwai tsohon mai zane da yake sa sunansa a aikin almajiransa. Akwai Okumura, mai kamfanin gidajen abinci, wanda yake ganin ma'aikatansa ƙarafa ne, a yi aiki da su har su lalace a kawo wasu. Wata guda bayan fitowar gem ɗin, a Oktoban 2016, gwamnatin Japan ta wallafa rahotonta na farko a kan mutuwa saboda yawan aiki, daidai lokacin da ƙasar take maganar wata matashiya 'yar shekara 24 a kamfanin talla na Dentsu, wadda ta kashe kanta a Disamban 2015, hukuma kuma ta amince aiki ne sanadi. Sai a Afrilun 2019 dokar ƙayyade ƙarin awannin aiki ta fara aiki a manyan kamfanoni. Na ga abin da ya rage da idona: jirgin dab da sha biyun dare cike da mutane cikin baƙaƙen kwat, wasu suna barci a tsaye, hannu ɗaya maƙale da madauri.

Fadar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta mai gabatar da ƙara, Sae, wadda take kallon kotu a matsayin gidan caca da aka riga aka murɗe injinansa. A Japan sama da kashi 99 cikin ɗari na shari'un laifi da suka kai gaban alƙali suna ƙarewa da kama wanda ake tuhuma da laifi, ana kuma iya tsare mutum har kwana 23 kafin a gurfanar da shi. Iwao Hakamada, da aka yanke wa hukuncin kisa a 1968, sai a Satumban 2024 kotu ta wanke shi, yana da shekara 88. Shi ma gem ɗin, tun a farkonsa kana ɗakin tambayoyi, an lakaɗa wa yaron duka, an miƙa masa takardar amsa laifi ya sa hannu. A kan wannan takardar kake rubuta sunan da kake so a riƙa kiran ka da shi har ƙarshen wasan. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi. Sai Futaba, yarinyar da ta kulle kanta a ɗaki, fadarta dalar Masar ce, wato kabari. Binciken da gwamnatin Japan ta fitar a 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.46, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna irin wannan zaman.

Wasan bai bar talaka ya wanke hannunsa ba. A ƙarƙashin Shibuya akwai fada mafi girma, ta jama'a baki ɗaya, siffarta tashar jirgi ce mai gangarawa hawa bayan hawa. A can ƙasan sai ka tarar da mutane zaune a kurkuku da son ransu, wai nan ya fi kwanciyar hankali tunda ba sai sun yanke wa kansu shawara ba. A kusurwar allo kuma akwai ma'aunin ra'ayin jama'a na intanet, yau ana yi wa ɓarayin kirari, gobe ana neman kansu. Da na zaga garin na ƙara gane inda fushin yaran ya samo asali. Da ka bar Shibuya da samarinta, furfura ce ko'ina. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun haura. Dattawa ne suke tuƙa tasi, su ne suke riƙe sanda mai haske a bakin gini suna nuna wa masu tafiya hanya suna rusunawa. Yaron da ya tashi a irin wannan ƙasa zai tarar ƙuri'a da kujera da dukiya duk suna hannun waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba. Babban mugun labarin, Shido, mai neman kujerar firaminista, yana ganin ƙasar jirgin ruwa ne na alfarma da yake ratsa garuruwan da ruwa ya cinye, daga shi sai waɗanda ya zaɓa a ciki.

Ta fuskar ado kuwa ba a magana. Ja da baƙi da fari ne ko'ina, hatta jerin kayan da za ka saya a shagon magani da rangaji yake shigowa allo. Kiɗan Shoji Meguro mai ɗanɗanon jaz, da muryar mawaƙiya Lyn, sun sa ko zaman banza a shagon kofi ranar ruwa yana da daɗi. Faɗan na lissafi ne. Kowane dodo da lagonsa, wuta ko ƙanƙara ko iska, ka same shi ya zube ka ƙara samun bugu, idan duka suka zube ku zagaye su da bindiga, ka zaɓa ko ka gama da su, ko ka karɓi kuɗi, ko ka lallashi ɗaya ya dawo ɓangarenka. Kowane jarumi yana da wani ruhi da yake fitowa idan ya fizge abin rufe fuskarsa, kuma duk kangararru ne na tarihi da adabi: Arsène Lupin na ƙagaggun labaran Maurice Leblanc ɗan Faransa, wanda shagon kofin ma sunansa ya ci, da Zorro, da Kyaftin Kidd ɗan fashin teku, da Ishikawa Goemon, ɓarawon Japan da aka dafa da ransa a Kiyoto a 1594.

Yana da aibinsa, kuma ba ƙarami ba. Wasan da ya buɗe da tsine wa malamin da yake neman ɗalibansa, shi ne daga baya ya ba ka damar yin soyayya da malamar ajinku kana ɗan shekara 16, ya kuma mayar da abin raha. Ann, yarinyar da Kamoshida ya addaba, kyamara ba ta daina bin jikinta ba har ƙarshe. Tufka da warwara ke nan. Surutu ma ya yi yawa, a faɗi magana a taro, a maimaita a saƙon waya, mage ta sake nanatawa kafin barci. Dodannin kuma an kwaso su ne daga addinai da camfe-camfen duniya, mala'iku da aljanu da gumakan Indiya da na Girka duk a haɗe, wasu siffofin ba na kallo a gaban yara ba ne, ƙarshen labarin kuma faɗa ne da wani abin bautar ƙarya. Masu yin wasan kayan adon labari suka ɗauki wannan. Musulmi ko Kirista daga namu ɓangaren zai ji wani abu ya tsaya masa a wuya, ni ma ya tsaya mini.

Akwai kuma Tokiyon da wasan bai leƙa ba. A cikin gundumar Shibuyar nan, kusa da tashar Yoyogi-Uehara, akwai babban masallacin Tokyo Camii, wanda Tatar 'yan gudun hijira daga Rasha suka fara kafawa a 1938, aka sake gina shi da salon Turkiyya a 2000. Na yi Juma'a a can tare da 'yan Indonesiya da Pakistan da Bangladesh da 'yan'uwa daga Afirka. A shagunan da ba sa rufewa dare da rana kuma, sau da yawa wanda ya karɓi kuɗina ɗan Nepal ne ko Biyetnam. A Tokiyon Persona 5 kusan kowa ɗan ƙasa ne.

Mai son gwadawa ya nemi Persona 5 Royal, bugun da aka inganta ya fito a Japan a 2019, wanda tun Oktoban 2022 ake samunsa a kwamfuta da Switch da Xbox, ban da PlayStation. Sai da Turanci ko Faransanci mai ɗan ƙwari, don babu shi da Hausa ko Larabci, sai kuma haƙuri, don awannin farko kusan duk kallo ne da karatu. Ka riƙa adana wasanka a duk ɗakin hutun da ka samu a cikin fada, saboda masu ɗauke wuta ba ruwansu da awa biyun da ka yi kana fama. Iyaye kuma kada zanen katun ya ruɗe ku: a Amurka an ware wasan ga 'yan shekara 17 zuwa sama, a Turai 16, kuma da gaskiyarsu.